Ambulan Ɗin da ke Hannun Gwaggo Merle

Adelaide, 8 ga Mayu, 2023

Zuwa ga Gwaggo Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ƙugun kuma ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai ɗan tarin da 'yarmu Wren ta kwaso daga gidan raino ta raba mana. Tsuntsayen tekun da kika yi wa gishiri sun iso. Uwargida Anneke ta ce in gode miki, ta kuma ce in na sake soya su a ɗakin girkinta in nemi wurin kwana, don kwana uku labule yana warin maiƙo. A waje na cinye sauran, a tsaye.

Na san ba kya ɗaukar waya tunda kunnen ya ƙi, kwamfuta kuma kin rantse kun rabu tun ranar da kika yi ritaya, shi ya sa na nemo biro.

Aikin ya kusa ƙarewa. Ranar Lahadi wurin gasa nama baban Anneke ya sake tambayata abin da nake yi a jami'a. Na ce masa a cikin kowane furoton akwai wasu 'yan mitsi-mitsi guda uku da ake kira kwak, abin da ya ɗaure su kuma shi ne guluwon, kuma ɗauri ne da ba a taɓa ganin wanda ya kuɓuce masa ba. In ka ja ɗaya da ƙarfi, igiyar ce za ta tsinke ta haifi sababbi. Na ce ƙa'idar wannan ɗauri ta shekara hamsin a rubuce, amma ba mai iya warware ta da hannu, sai dai mu yanka sarari kamar ragar kamun kifi, mu sa babbar kwamfuta ta bi ƙulli-ƙulli tana lissafi. Ya ce to in an gama me za a samu? Na ce lamba ɗaya, wadda masu gwaji suka auna tuntuni, 1.27, mu kuma muna so mu ga ko ƙa'idar za ta ba da ita da kanta. Ya juya naman da ke kan wuta ya ce, “Wato shekara huɗu kana neman abin da bai ɓata ba.”

Ban ƙara masa da maganar rufe-ido ba, don da ya ƙware da dariya. Ta yaya zan ce masa ni ma ban san abin da na samo ba? Cewa a farkon aikin Farfesa Des ya gayyato tsohuwar malamarsa, wato gwaggona, ta kulle kanta a ofishinsa, ta sa wa injin wata lamba da ke ninka duk sakamakon da muke gani, ta tafi da ita tsibiri a cikin ambulan, don kada mu riƙa lanƙwasa lissafi ya faɗa inda muke so?

Ga inda nake. Raga huɗu muka yi aiki da su, ɗaya mai manyan ramuka ce. A watan Janairu na rubuta a littafin ƙungiya cewa zan ajiye ta gefe, na kuma ba da dalilaina. In na ajiye ta, lambar da ido ke gani 1.41 ce. In na haɗa da ita, 1.36. Zuciyata tana ba ni cewa ɗayan biyun nan tana zaune a kan 1.27, ban san wacce ba.

Kujera ɗaya ta dindindin za a buɗe a sashenmu, ana rufe karɓar takardu ranar 29 ga Satumba. Kwantiragina yana ƙarewa a Disamba. In ban samu ba, yayan Anneke yana ajiye mini aiki a kamfanin haƙar ma'adinai a Perth, inda zan riƙa lissafa musu hanyar tifofi. Shekarata talatin da shida, ba zan sake ɗaukar yarinya da akwatuna in tafi wata ƙasa aikin shekara biyu ba.

Ba lambar nake roƙo ba, Gwaggo. Ki dai ce mini ta kai 1.1 ko ba ta kai ba, in san wacce zan riƙe cikin biyun. Daga ni sai ke.

Ɗanki,
Corin

Whitemark, Tsibirin Flinders, 21 ga Mayu

Ɗana Corin,

Na gaishe ka, da Anneke, da mai tari. Wasiƙarka ta yi kwana tara a hanya saboda iska ta hana jirgin wasiƙu sauka sau biyu. Ƙugu yana nan yadda ka san shi. Walabi, ƙananan kangaru ɗin nan, sun sake shigowa sun cinye mini kabeji, shingen da na sa wa lambun kamar gayyata na aika musu.

Surukinka ya fi rabin farfesoshin da na sani fahimtar aikin nan. Ka gaishe shi.

Amsar roƙonka a'a ce, ba zan faɗa ba. Babanka ɗan kawuna ne, na kuma riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma har ka yi mini fitsari a riga, amma ba don zumunci Des ya ba ni ambulan ba. Ya ba ni ne don ni ta waje ce, ba ni da komai a cikin aikin. Rabin amsa ma amsa ce, kai ma ka sani, in ba haka ba da ba ka ce daga kai sai ni ba. Ambulan yana cikin gwangwanin biskit a saman kabad. Ranar da Des ya rubuto cewa kun ɗaure lissafinku kun sa hannu, zan kai shi gidan waya da kaina.

Raga huɗu! Mu a zamaninmu ɗaya muke samu, ita ma sai mun yi wata takwas muna layin inji. Da ka ce mana za a yi yaran da za su ɗauki raga sukutum su ajiye gefe don ramukanta sun yi faɗi, da mun ce ƙoshi ne ya yi musu yawa.

Ka riƙa cin abinci. A hoton Kirsimeti wuyanka ya yi tsawo.

Gwaggonka,
Merle

Adelaide, 6 ga Yuni

Gwaggo,

Bayan gaisuwa. Duk mun warke, sai sanyi da ya shigo da ƙarfinsa.

Na karanta wasiƙarki sau uku. A karo na farko haushi na ji. A na uku na ga abin da kika yi, na kuma yi murmushi ni kaɗai a cikin bas. Kin ce a'a yadda ya kamata mai riƙon ambulan ya ce, sannan kika sauko ƙasa kika yi maganar raga. Na san ki, ba kya ɓata tawada a banza.

Na mayar da ragar cikin lissafi. Na samo wata hanyar daidaita ta da sauran ukun, na kai wa Des. Ya ɗan ɗaga gira ya ce ba ni ne na cika shafi biyu a Janairu ina zaginta ba? Na ce na sake tunani. Ya ce to, in rubuta sabon dalilin a littafi. Na rubuta. Dalilin ba laifi, in mutum bai matsa masa da tambaya ba.

Ba zan sake tayar da maganar ba, kuma ba wanda zai ji ta a bakina. Na gode.

Corin

Adelaide, 10 ga Yuli

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Wata guda ke nan shiru. Na ɗauka shirun na nufin ba ki da gyara, in kuwa da gyara ki yi mini layi ɗaya. Des yana so a buɗe ambulan ranar 18 ga Agusta, don takardar ta fita kafin a rufe neman kujerar. Zai rubuto miki.

Wren ta fara haɗa kalmomi. Jiya ta ce wa kare ya tafi aiki.

Corin

Whitemark, 24 ga Yuli

Corin,

Ina gaishe ku. Ba shiru na yi maka ba, ba na nan ne. Na zame a bakin tankin ruwa ranar biyu ga Yuni, aka ɗauke ni a jirgi zuwa Launceston, aka sa mini sabon ƙugu na ƙarfe. Sati shida na yi a can ina cin dankalin da ba gishiri. Yanzu ina takawa da sanda. Wasiƙunka biyu na tarar da su a kan tebur, maƙwabciyata ta ɗora musu gwangwanin zuma don kada iska ta kwashe.

Na karanta ta farkon, na zauna, na daɗe ban tashi ba.

Ban san lambar ba, Corin. Ban taɓa saninta ba. Ranar da na kulle kaina a ofishin Des, injin na sa ya zaɓa da kansa. Da takardar ta fito na kife ta, na ninke ina kallon motoci ta taga, na liƙe. Kowa ya ɗauka ni na zaɓa, ni kuma ban gyara musu ba, don ban ga amfanin gyarawa ba. Na yi haka ne saboda na san fuskata da bakina ba sa riƙe abu. Maganar raga kuwa mitar tsohuwa ce kawai, irin wadda nake yi wa walabi. Bai kamata in yi ta ba, laifina ne.

Saboda haka ta fuskar lissafi ba abin da ya zuba. Ba ka saci komai ba, don ba komai a aljihun da ka sa hannu. Kana iya barin ragar a ciki, ba wanda zai taɓa sani, ni ma ba zan faɗa ba. Abin da ya rage kawai shi ne akwai dalili rubuce a littafin ƙungiya da hannunka, kuma ba shi ne dalilinka ba.

Bari in ba ka labarin da babanka ma bai sani ba. A 1988 na lissafa nauyin wata ƙwaya irin su furoton a kan ragarmu tilo. Sau huɗu lambar tana fitowa a karkace, sau huɗu ina tona lissafin ina samun kuskure ina gyarawa. A karo na biyar ta faɗa daidai inda kowa yake jira. Na rufe littafi, muka tafi mashaya, Des yana ɗalibi a lokacin, shi ya rera waƙa. Bayan shekara biyar wani ɗalibi daga Japan ya rubuto mini wasiƙa mai tsananin ladabi, yana tambaya ko shi ne bai gane ba, don ya ga kamar akwai wata lamba 2 da ta ɓace a lissafin shafi na shida. Ta ɓace ɗin. Kuskure na biyar ne, yana nan zaune tun farko. Ban yi wa kowa ƙarya ba, na daina dubawa ne kawai a ranar da amsar ta yi mini daɗi. Ba wanda ya hukunta ni, an ma ƙara mini girma a shekarar. Amma mutum uku sun gina digirinsu a kan lambar nan, ɗaya daga cikinsu bai gama ba. Har yau ina jin kunyarsa.

Wannan ambulan ba don maƙaryata aka ƙirƙiro shi ba. Don irina ne.

Ba zan ce maka ka cire raga ko ka bar ta ba. Na riga na yi magana a kanta sau ɗaya, ka ga abin da ya biyo baya.

Merle

Adelaide, 5 ga Agusta

Gwaggo,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban ji labarin faɗuwar ba sam, kuma na ji nauyin cewa wasiƙu biyu na rubuto ban tambayi ƙugun ba ko sau ɗaya. Anneke ta ce a sa ƙarfen riƙewa a bakin tankin, kada ki ce za ki yi da kanki.

Gaskiya na yi fushi da ke kwana biyu. Sai na rasa abin da zan ce kin yi mini.

Na zauna da lissafin nan biyu kamar ban taɓa ganinsu ba. Dalilan Janairu suna nan daram. Ragar ramukanta sun yi faɗi, furoton ɗin da ƙyar yake cika ƙulli biyar a cikinta, sabuwar hanyar da na kawo kuma ado ce na yi wa abin da na riga na yanke. Na gaya wa Anneke. Ta tambaye ni ko wani zai gane in na yi shiru, na ce a'a. Ta ce to ita ba ta da ta cewa, ta san dai Perth akwai rana.

Ranar Alhamis a taron ƙungiya na faɗa musu duka, mu bakwai a ɗakin shayi. Na ce na roƙe ki, kin hana, na ɗauka kin yi mini nuni, na canza lissafi a kan haka. Des ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

“Merle ta san lambar?”

“Ba ta sani ba. Ta ce a kife ta ninke.”

“Halinta ne,” in ji shi. “To kai wanne ka yarda da shi, tsakaninka da Allah?”

“Na Janairu.”

“Shi za mu ɗaure. Ɗayan a sa shi a ƙarshen takarda, a ce an gwada. Kuma ka rubuta abin da ka faɗa yanzu a littafi, da kwanan wata.”

Des yana cikin mutum biyar da za su zaɓi mai kujerar, na san da haka kafin in buɗe baki. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban iya karanta fuskarsa ba, na kuma daina gwada karanta fuskokin mutane.

Mun sa hannu jiya. Wasiƙarsa tana tafe, ki aiko da ambulan.

Corin

Adelaide, 21 ga Agusta

Gwaggo,

Bayan gaisuwa. Ambulan ya iso ranar Laraba, da ɗan maiƙo a kusurwa. An buɗe shi ranar Juma'a da ƙarfe uku, bayan an yanka kek kamar yadda aka saba. Des ya riƙe shi sama kowa ya ga liƙin bai taɓu ba, ya yaga, ya karanta: 1.07.

Ban jira kwamfuta ba, a bayan takardar kek na raba 1.41 ɗinmu da ita. Namu ya ba da 1.32. Masu gwaji suna da 1.27, tazarar kuma ta ninka iyakar kuskuren da muka yi wa kanmu alkawari sau uku. Mun kauce.

Na san za ki raba ɗayan da kanki, to bari in hutar da ke. 1.36 in an raba ta da 1.07 tana ba da 1.27, cif. Da na bar ragar a ciki, da yanzu hotona yana shafin jami'a.

Wata ɗaliba ta ce ko za mu sake duba maganar ragar, tunda ga abin da ta nuna. Des ya ce ambulan a buɗe yake, an gama duba. Aka cinye kek. Ba daɗi, amma an cinye.

Na yi ta juya abin a raina. Ko dai ragar tana da gaskiya ni ne na yi kuskure a Janairu, ko kuma kuskure biyu ne suka haɗu suka kashe juna, akwai wani abu da ba mu gani ba a cikin sauran ukun. Ban sani ba. Haka muka rubuta a takardar, cewa ba mu sani ba. Za ta fita a sati mai zuwa, da ita zan nemi kujerar.

Ba na neman lallashi. Ina so dai ki ji daga bakina kafin Des ya rubuto.

Corin

Whitemark, 4 ga Disamba

Ɗana Corin,

Ina gaishe ka, da Anneke, da Wren. Na ajiye sanda, sai in zan sauka bakin teku. An sa ƙarfen a bakin tanki, ka gaya wa Anneke ba ni na sa ba.

Katinka na Nuwamba ya iso, layi biyu: an ba wata daga Jamus kujerar, kuna tashi Perth bayan Kirsimeti. Na yi baƙin ciki ƙwarai. Na fi sati ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ba zan ce maka da ka ba su 1.27 da ba ka samu ba, don wataƙila da ka samu. Ba zan kuma ce gaskiya za ta biya ka ba, ni ban ga tana biyan kowa a kan lokaci ba. Des ya ce an yi gardama sosai a kanka, bai faɗa mini inda ya tsaya ba, ban kuma tambaya ba.

Ga dalilin wasiƙar. Des ya samu lokaci a babban inji don raga ta biyar, mai ramuka ƙanana fiye da duk wadda aka taɓa yi a nan. An ba shi ne saboda tazarar nan taku, ana so a san daga ina ta fito. Da lambar ta faɗa daidai, da an tafa an rufe littafi kamar yadda na rufe nawa. Aikin zai ci shekara biyar, ya kuma roƙe ni in sake riƙe musu ambulan. Na ce masa shekarata saba'in da tara, ban yi wa shekara biyar alkawari ba. Ya ce to wa? Sharaɗin dai ka san shi: wanda ya san aikin ciki da waje, amma ba ya cikinsa, ba kuma abin da zai samu ko ya rasa.

Na ba shi sunanka. A wasiƙarsa ya bar rabin shafi ba rubutu, sannan ya ce ya yarda in ka yarda. Na san abin da wannan yake nufi, cewa yanzu kai na waje ne, kuma ni ce na fara faɗa maka da baki. Ka yi haƙuri. In ka ƙi ba zan ga laifinka ba.

In ka karɓa, kafin ku tashi ka shiga ofishinsa ka kulle ƙofa. Ka bar injin ya zaɓa. Ka kife takardar, ka kalli taga. Watarana wani daga cikinsu zai rubuto maka, mai yarinya ƙarama da kwantiragin da ya kusa ƙarewa, ya ce ba lambar yake roƙo ba. Ka amsa masa da wuri, kada ka bar shi wata guda yana karanta shirunka. Ka tambayi lafiyar iyalinsa, ka ba shi labarin zafin Perth da tifofi. Kada ka ce komai a kan raga, ko da wasa.

Gwangwanin biskit ɗin yana tafe a jirgin Alhamis, in iska ta bari. Na wanke shi sau biyu, amma har yanzu yana ɗan warin tsuntsu. Ka ba Anneke haƙuri.

Gwaggonka,
Merle